Waya a Kan Kwano: Tarihin Eriya da Sauraron Gajeren Zango a Unguwar Hausawa ta New Bell

Eriya ita ce wayar da ke tare igiyoyin rediyo daga sararin sama ta sauko da su cikin akwatin rediyo, ko kuma ta ɗauki saƙon da na'urar aikawa ta haifar ta watsa shi a iska, kuma duk da cewa ita ce mafi arha a cikin kayan rediyo, ita ke yanke hukuncin ko murya za ta iso sarai ko za ta nutse cikin shuu. A Turai da Amurka masu rediyon sha'awa ne suka raya fasahar haɗa eriyar waya mai aiki a zanguna da yawa, wato mutanen da hukuma ta ba lasisin aika saƙo daga gidajensu don neman sani da zumunci, ba don kasuwanci ba. A unguwannin Hausawan Duwala, babban birnin kasuwancin Kamaru, fasahar ta shigo ta wata ƙofa dabam, domin masu sauraro da masu gyaran rediyo ne suka riƙe ta, kuma abin da ya tura su gare ta shi ne nisan gida. Tarihin wannan waya ya cancanci a rubuta shi tare da tarihin unguwar kanta, saboda su biyun sun soma ne a shekaru guda, a hannun hukuma guda.

Unguwar New Bell ta samo asali daga shirin Jamusawa na ƙwace filayen ƙabilar Duwala da ke gaɓar kogin Wouri, musamman tudun Joss, don su keɓe wa Turawa wurin zama, su kuma tura 'yan ƙasa can baya, a bar filin da ba kowa mai faɗin kilomita ɗaya a tsakani. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ja da wannan shiri, kuma a farkon 1913 aka aika saƙon tangaraho zuwa majalisar dokokin Jamus ana kuka da ƙwacen, amma hukumar mulkin mallaka ta riƙe saƙon har sai da umarnin ƙwacen ya fita. A ranar 8 ga Agusta 1914 aka rataye shi tare da magatakardansa Ngosso Din bisa zargin cin amanar ƙasa. A daidai waɗannan shekaru Jamusawa suna da tashar tangaraho marar waya a Duwala, wadda ke magana da jiragen ruwa da kuma babbar tashar Kamina ta ƙasar Togo, ita kuma Kamina tana magana kai tsaye da Nauen kusa da Berlin, tazarar da ta haura kilomita 5,000. Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke, waɗannan turaku na ƙarfe suna cikin abubuwan farko da Ingila da Faransa suka nufa. Jamusawa suka rusa Kamina da hannunsu a ƙarshen Agusta, suka kuma lalata tashar Duwala kafin birnin ya miƙa wuya ranar 27 ga Satumba 1914. Darasin da kowace gwamnati da ta biyo baya ta ɗauka daga nan shi ne cewa na'urar aikawa makami ce, ba a barin ta a hannun talaka sai da sharaɗi mai tsauri.

Mafi yawan 'yan Duwala ba su yarda sun tare a filin da aka yanka musu ba, sai baƙi suka cika shi: Bamileke daga tsaunukan yamma, Basa daga kurmi, mutanen Togo da Dahome da Legas, da kuma Hausawa, waɗanda suka gangaro daga Adamawa ta Banyo da Tibati da Yoko da Fumban, suna fataucin goro da hauren giwa da roba da tufafi, daga baya kuma suka kama harkar shanu da fawa. Faransawa, waɗanda suka gaji mulkin birnin daga Jamusawa, suka naɗa wa kowane rukuni shugaba, aka sami Sarkin Hausawa da masallaci da makarantun allo, kuma a bakin mutanen kudu kalmar Hausa ta faɗaɗa har ta haɗa da Fulani da Barebari da duk Musulmin da ya fito daga arewa, abin da ya ƙara wa harshen ƙarfi a matsayin harshen kasuwa da zaure. Bahaushen da ya zauna a nan yana tazarar kimanin kilomita 750 daga Kaduna in an miƙe hanya, kuma labarin haihuwa ko rasuwa ko canjin sarauta yakan zo masa ne a bakin fatake ko a wasiƙar ajami da ta kwana makonni a aljihun matafiyi.

Gidan rediyon farko a Kamaru shi ne Rediyo Duwala, wanda Faransawan da ke bayan Janar de Gaulle suka buɗe a 1941 don yaɗa labaran Yaƙin Duniya na Biyu, bayan kwamandansu Leclerc ya sauka a birnin a ƙarshen Agusta 1940. Da Faransanci yake magana, akwatunan zamanin kuma masu kwalabe ne, wato fitilun gilashi da ke ƙara ƙarfin sauti, masu tsada da cin wuta, saboda haka amfaninsa ga mazaunin New Bell kaɗan ne. A Kano, inda aka kafa rediyon waya a 1944, hukuma ce ke kama shirin ta rarraba shi ta waya zuwa lasifikoki a gidaje da dandali, mai sauraro bai da zaɓi kuma bai da buƙatar eriya. Bahaushen Duwala bai sami wannan gata ba, kuma rashin gatan ne ya koya masa sana'a. A cikin shekaru shida al'amarin ya juya gaba ɗaya: Sashen Hausa na BBC ya fara ranar 13 ga Maris 1957 da shirin minti 15, Rediyo Garwa na arewacin Kamaru ya buɗe a 1958 yana amfani da Fulatanci da Hausa ban da Faransanci, gidan rediyon Jihar Arewa ta Najeriya ya tashi a Kaduna a 1962, sannan Muryar Jamus da Rediyon Beijing suka shigo da Hausa a 1963, Muryar Amurka kuwa sai a 1979. A wannan tsakanin ne kuma rediyon tiransisto mai aiki da batir, irin su National da Sony da Philips, ya cika kasuwannin gaɓar teku, har mahauci da tela suka iya mallakarsa.

Duk waɗannan tashoshi a gajeren zango ake kama su daga Duwala, kuma a nan ne matsalar eriya take. Igiyar rediyo tana da tsawo, wanda ake aunawa da mita, tana kuma da yawan kaɗawa a daƙiƙa, wanda ake aunawa da kilohaz ko megahaz, kuma in aka raba 300 da adadin megahaz sai a sami tsawon a mita. Gajeren zango yana kai wa nesa ne saboda can sama, daga kimanin kilomita 60 zuwa sama da 300, akwai rufin iska da hasken rana ya cika da lantarki, wanda masana ke kira ayonosfiya, kuma wannan rufi yana mayar da igiyar ƙasa kamar yadda madubi ke mayar da haske. Sai dai rufin ba ya zama a hali guda. Da rana sashensa na ƙasa yakan yi kauri ya shanye igiyoyi masu tsawo irin na mita 60 da 49, yayin da sashensa na sama ke mayar da na mita 19 da 16 da kyau. Da rana ta faɗi kuwa sashen ƙasa yakan watse, sai masu tsawon su buɗe, gajerun su dushe. Saboda haka mai sauraron da ke son Garwa a kilohaz 5010 bayan magariba, da shirin Hausa na Kaduna a kilohaz 6090, da kuma London da tsakar rana a mita 19 ko 16, musamman bayan BBC ta buɗe tashar ƙarfafa murya a tsibirin Ascension a 1966, yana neman abin da mai rediyon sha'awa ke nema, wato waya ɗaya da za ta yi aiki a zanguna huɗu ko biyar.

Eriyar da ta fi sauƙin fahimta ita ce mai hannu biyu, wadda ake yanka wayarta daidai da rabin tsawon igiyar, a raba ta biyu, a haɗa wayar saukowa a tsakiya. Ma'auninta sananne ne: a raba 143 da adadin megahaz, abin da ya fito shi ne tsawonta a mita daga wannan baki zuwa wancan. Tashar Kaduna ta kilohaz 6090 za ta nemi kimanin mita 23 da rabi, ta Garwa mita 28 da rabi, zangon mita 19 kuwa kimanin mita 9 da rabi, na mita 16 kimanin mita 8. Wanda ya san New Bell, inda gidajen katako da kwano ke jingine da juna, lunguna kuma ba su fi mutum biyu su gifta ba, ya san cewa ba mai filin da zai shimfiɗa wayoyi huɗu, ɗaya ma sai da yardar maƙwabci.

Masu rediyon sha'awa sun yi shekaru suna kokawa da wannan ƙunci. Dokar Amurka ta 1912 ta kore su zuwa zangon mita 200 da abin da ya gaza haka, bisa zaton cewa ba shi da amfani, sai ga shi a Nuwamba 1923 Léon Deloy na birnin Nice a Faransa ya yi magana da Fred Schnell a Amurka a zangon da ya ɗan haura mita 100, abin da ya buɗe idon gwamnatoci da kamfanoni. Taron Washington na 1927 ya yanka musu zangunan mita 160 da 80 da 40 da 20 da 10, kowanne rabin na gabansa, kuma wannan tsari ya sa waya ɗaya za ta iya amsawa a fiye da zango ɗaya, kamar yadda tsirkiyar gurmi ke ba da sauti na sama in an danne ta a tsakiya. Daga nan dabaru suka yi ta fitowa. A 1929 Loren Windom ya wallafa bayanin eriyar da ake haɗa wa wayar saukowa a gefe maimakon tsakiya, kuma jikokinta na yau ana haɗa su ne a wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawon. A 1946 Louis Varney na Ingila ya tsara wadda ake kira da lambar kiransa, G5RV, mai tsawon mita 31 da ɗoriya, da wayar tsani mai mita 10 da 'yan kai a tsakiya, wato wayoyi biyu da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da 'yan sanduna a tsakaninsu, waɗanda ke daidaita eriyar da na'ura. A 1955 Chester Buchanan ya bayyana eriya mai tarko, inda ake saka naɗaɗɗiyar waya da kondensa a kowane hannu, tarkon ya tsayar da igiyar wani zango a tsakiyar hanya ya bar ta wani zangon ta wuce har ƙarshe, ta yadda waya guda za ta zama gajera ga wannan, doguwa ga wancan. Akwai kuma mai yatsu, wadda ake tara wa hannaye masu tsawo dabam dabam a mahaɗa ɗaya su bazu kamar mafici. Afirka ma ta sa hannu, domin a shekarun 1980 Brian Austin na Afirka ta Kudu ya sake auna tsarin Varney da kwamfuta ya fito da ZS6BKW, wadda ta fi dacewa da zanguna da yawa ba tare da akwatin daidaita eriya da na'ura ba.

Wannan ilimi yana cikin littattafai da mujallun fasaha na Faransanci da Ingilishi da ke shigowa ta tashar jiragen ruwa, amma ƙofar aikawa ta kasance a ƙuntace. Lambar kiran Kamaru a zamanin Faransa tana farawa da FE8, bayan samun 'yanci a 1960 ta koma TJ, kamar yadda ta Najeriya take 5N, ta Nijar 5U, kuma har yau masu sha'awa a duniya suna ɗaukar TJ a matsayin lambar da ba kasafai ake jin ta ba. Lasisi yana buƙatar jarrabawa da kuɗi da amincewar hukuma, na'urar aikawa kuma ta fi ƙarfin mai matsakaicin hali. Ban da haka New Bell ita ce cibiyar jam'iyyar UPC mai fafutukar neman 'yancin kai, wadda aka kafa a Duwala a Afrilu 1948, a nan tarzomar Mayu 1955 ta fi tsanani, kuma a Yuli na shekarar aka haramta jam'iyyar. Dokar hana zagon ƙasa ta Maris 1962, a zamanin Shugaba Ahmadu Ahidjo, ta mai da yaɗa labarin da hukuma ta kira ƙarya laifin ɗauri. Yadda gwamnati ke kallon na'urar aikawa ya fito fili a yunƙurin juyin mulki na 6 ga Afrilu 1984, lokacin da sojojin da suka yi tawaye suka kama gidan rediyon Yawunde suka karanta sanarwarsu, amma wani ma'aikacin fasaha ya hana ta fita zuwa sauran ƙasa. A irin wannan yanayi baƙon da ke neman abincinsa a kasuwa ba zai je ofishin hukuma ya ce yana son magana da ƙasashen waje daga ɗakinsa ba, kuma babu mai adalcin da zai zarge shi da ƙarancin himma.

Abin da ya rage shi ne sauraro, kuma a nan mai karɓa yana da sauƙin da mai aikawa bai da shi. In eriya ba ta dace da zango ba, ƙarfin na'urar aikawa yakan dawo mata ya ƙona ta, amma akwatin sauraro ba abin da zai same shi sai raguwar murya kaɗan. Don haka eriyar da ta yaɗu ita ce doguwar waya guda, mita 10 zuwa 20 gwargwadon hali, wadda ba a yanka ta don wani zango ba, kuma tana yin aiki daidai gwargwado a dukkansu. Jan ƙarfen yakan fito ne daga ƙonanniyar taransifoma ko tsohon injin fanka, a warware shi a miƙe, a kankare fentin bakinsa da reza kafin a like da dalma. Gora ko gwangwala ce turke, ana ɗaure ta a jikin katakon rufi don wayar ta ɗaga sama da kwano da aƙalla mita biyu, saboda kwano yana shanye ƙarfin wayar da ta kwanta kusa da shi. A kowane baki ana sa makari, wato abin da lantarki ba ya bi, kamar wuyan kwalba ko guntun bututun roba, sannan a ƙarasa da igiya zuwa reshen mangwaro, a haɗa da yankin tsohon tib na keke don ya riƙa miƙewa in iska ta kaɗa reshen, kada wayar ta tsinke. Akwai wata sa'a da masu sauraro suka ci ba tare da lissafi ba: igiyar da ta taso daga Kaduna ko Garwa, tazarar kilomita 700 da wani abu, takan sauko daga sama a tsaye tsaye, kuma wayar da ke kwance ba can ƙololuwa ba ita ta fi kama irin wannan.

Gwanintar mai gyaran rediyo tana bayyana ne a wajen haɗa wayar da akwati. Ƙananan rediyoyi an yi su ne don 'yar sandarsu mai zugewa, kuma in aka ɗaura musu doguwar waya kai tsaye ƙarfin yakan yi musu yawa, sai tashoshi su hau kan juna, a ji Faransanci a ƙarƙashin Hausa, musamman bayan tashar Africa No. 1 ta fara watsa shiri da manyan na'urori daga Moyabi ta ƙasar Gabon a 1981. Maganin shi ne a naɗa wayar mai rufin roba sau huɗu ko biyar a jikin sandar ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba, a ƙara naɗi in murya ta yi rauni, a rage in ta cakuɗe. Wannan naɗi kondensa ne a fakaice, kuma aikin da yake yi ɗan'uwan aikin akwatin daidaitawa ne na masu sha'awa, ko da mai yin sa bai taɓa jin sunan Varney ba. Sauran gwagwarmayar da yanayi ake yin ta. Ruwan da ke sauka a Duwala a shekara ya kan haura milimita 3,500, mafi yawa a Yuli da Agusta, iskar bakin teku kuma tana ɗauke da gishiri, don haka mahaɗar da ba a like da dalma ba takan yi kore cikin 'yan watanni, murya ta riƙa yankewa, gorar ma ta ruɓe daga gindi. Tsawa ta fi komai haɗari, kuma ƙa'idar da kowane mai hankali ke bi ita ce a cire wayar daga akwati a jefa ta waje da zarar hadari ya haɗu, kuma kada a kuskura a ratsa da ita sama ko ƙasan wayar wutar lantarki.

Abin da ke saukowa ta wannan waya ya fi labarai yawa. Shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna ya mai da katin gaisuwa hanyar sada zumunci, ta yadda mazaunin Duwala zai ji an ambaci sunansa da unguwarsa daga bakin ɗan'uwansa na Zariya ko Katsina, shi ma ya aika nasa. Tafsirin watan azumi, sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi, waƙoƙin makaɗan fada da na noma, duk sun bi ta nan, haka ma labarai masu nauyi, irin su juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 da aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa a cikinsa, wanda aka yi shelarsa a gidan rediyon Kaduna, da yaƙin basasar da ya biyo baya daga 1967 zuwa 1970 a Najeriya, wadda ke maƙwabtaka da gaɓar Kamaru. Yaron da aka haifa a New Bell, wanda Faransanci da Turancin kasuwa suka kewaye shi, ya riƙa jin daidaitacciyar Hausa safe da yamma a shagon tela da teburin mai shayi, kuma duk wanda zai bayyana dalilin da ya sa harshen bai narke ba a birnin da ke da nisa haka daga ƙasar Hausa, dole ya lissafa rediyo tare da masallaci da kasuwa da auratayya.

Wayoyin sun fara sauka daga kan kwano ne bayan dokar Afrilu 2000 ta buɗe ƙofa ga gidajen rediyo masu zaman kansu, tashoshin FM suka yawaita, tashoshin gajeren zango na larduna suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya, daga baya kuma wayar hannu ta kawo shirye-shiryen Hausa cikin aljihu. Muryar Jamus ta rufe tasharta ta Kigali a 2015 bayan shekara 50 tana aiki. Wanda ya ɗaura waya a yau zai tarar da sabon abokin gaba, domin cajar waya mai arha da ƙwan fitila na zamani da janareto suna zubar da hayaniyar lantarki da ke rufe tashoshi masu rauni. Duk da haka abin da ya faru a 2017, lokacin da aka katse intanet a yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma na Kamaru daga Janairu zuwa Afrilu, sama da wata uku, a garuruwan da wasunsu ba su kai tafiyar awa biyu daga Duwala ba, ya nuna cewa hanyar da ke bi ta hannun kamfani ana iya rufe ta da umarni ɗaya, igiyar da ke saukowa daga sama kuwa ba ta tsayawa a shingen kowa. Dattawan da suka yi gyaran rediyo a New Bell tun zamanin kwalabe suna ƙarewa, iliminsu kuma a ka yake. Ya kamata ƙungiyoyin matasan unguwar da makarantun Islamiyya masu koyar da sana'a su zauna da su a rubuta abin da suka sani da Hausa, a koya wa yara ma'aunin 143 da liƙin dalma da ƙa'idar tsawa, sannan a taimaka wa waɗanda suka nuna ƙwazo su nemi lasisi a hukumance, domin a ji lambar TJ tana tashi daga unguwar Hausawa.